Yadda ake samun lasisin aikin lauya a jihar New York ta Amurka

A Amurka babu lasisin lauya guda da ke aiki a ko'ina. Kowace jiha da nata sharuɗɗan, kuma babbar kotun jihar ce ke da wuƙa da nama. Wisconsin kan yafe wa ɗaliban makarantun lauya biyu na jihar jarrabawa gaba ɗaya, Kalifoniya kuwa takan bar mutum ya koyi aikin a ofishin lauya, ya zauna jarrabawa ba tare da ya shiga makaranta ba. Na zaɓi New York ne don tana cikin jihohin da suka buɗe ƙofa ga wanda ya karanta shari'a a wata ƙasa. Ba ta tambayarka takardar zama ɗan ƙasa, amma sai ka cika shekara 21.

Fara da takardu, kada ka fara da littafi

Ba'amurke yakan yi digirin farko, sannan ya yi shekara uku a makarantar lauya da ƙungiyar lauyoyin ƙasar, wato ABA, ta amince da ita. Wanda ya yi karatu a waje kuwa ƙa'ida ta 520.6 ta babbar kotun jihar ce ke kansa, kuma hukumar jarrabawar lauyoyi ta jihar da ke Albany za ta ɗora karatunsa a sikeli biyu. Na farko tsawon karatu: ya kai kwatankwacin shekara uku na zaman aji? Na biyu irin shari'ar da ya karanta: mai tushe daga Ingila ce, kuma darussan sun yi daidai da na makarantun Amurka?

Nan ne ɗan Najeriya ko Ghana ke da sa'a. Wanda ya yi LL.B, wato digirin farko na shari'a, ya kuma gama Makarantar Horon Lauyoyi, ko a Bwari ko a Bagauda ko a Yola, yana iya samun izinin zama jarrabawar kai tsaye in hukumar ta gamsu. Wanda ya karanta shari'a a Yamai ko Injamena, inda tsarin Faransa ke aiki, sai ya yi LL.M, wato digiri na biyu a shari'a, mai kiredit 24 a makarantar da ABA ta amince da ita, yana zaune a aji a Amurka, don karatun intanet ba ya shiga lissafi. Wannan digirin giɓi ɗaya yake cikewa, ko na tsawon karatu ko na irin shari'a. In duka biyun ne, ba zai fitar da kai ba.

Za ka cike fam ɗin tantancewa a shafin hukumar, sannan jami'arka ta aika sakamakonka da kanta. Wanda ka ɗauko da hannunka ba a karɓa. Duk wanda ya taɓa bin sawun takardar sakamako daga ofis zuwa ofis ya san ba aikin mako guda ba ne, kuma hukumar ma kan ɗauki watanni kafin ta ba da amsa. Mai buƙatar LL.M da ke son jarrabawar Yuli, takardunsa su isa kafin 1 ga Oktoban shekarar da ta gabata. Mai son ta Fabrairu, kafin 1 ga Mayun shekarar da ta gabata. A ganina, sayen littattafan shiri kafin wannan amsa ta zo riga malam masallaci ne.

Da izini ya fito sai rajista: dala 750 ga wanda ya yi karatu a waje, dala 250 ga ɗalibin makarantun Amurka. A cikin jihar ake zama jarrabawar, don haka ka nemi biza da wuri.

Kwana biyun da kowa ke tsoro

Tun Yulin 2016 New York ke amfani da jarrabawar bai ɗaya da ake kira UBE. Ana yin ta sau biyu a shekara, Talata da Laraba a ƙarshen Fabrairu da ƙarshen Yuli. Maki 400 ne, kana buƙatar 266.

Safiyar Talata za a ba ka ayyuka biyu, kowane minti 90. Za a miƙa maka fayil ɗin wata ƙara da dokokin wata jihar ƙirƙira mai suna Franklin, a ce ka rubuta wa maigidanka shawara ko ka tsara hujja ga kotu. Ba a neman hadda a nan, ana duba ko ka iya aiki, kuma kashi 20 na maki ne. Da rana tambayoyin rubutu shida, kowace minti 30, kashi 30.

Laraba ce ke ɗauke da rabin makin: tambayoyin zaɓi 200 cikin awa shida, wato minti ɗaya da daƙiƙa 48 ga kowace tambaya. Fannoni bakwai ne: tsarin mulki, kwangila, laifuka, shaida, filaye da gidaje, cutarwa da diyya, sai tsarin shigar da ƙara a kotunan tarayya. Lauyan da ya taso a tsarin Ingila zai ga kwangila da cutarwa kamar 'yan gida, kuma nan tarkon yake, don sau da yawa kalma ɗaya ce amma hukunci ya bambanta. Tsarin mulkin Amurka da shigar da ƙara kuwa daga tushe zai koye su. Karanta bayani kaɗai ba ya wadatarwa. Ka riƙa amsa tsofaffin tambayoyi da agogo a gabanka har hannu ya faɗa.

Wanda ke shirin shekaru masu zuwa ya sani cewa jihar za ta koma sabon salon jarrabawa mai suna NextGen daga Yulin 2028.

Sauran ƙananan ƙofofi

Cin UBE bai mai da kai lauya ba. Akwai kwas na intanet kan dokokin New York ita kanta, da jarrabawarsa mai tambaya 50 cikin awa biyu; ana buɗe littafi, kana buƙatar 30. Akwai MPRE, jarrabawar ɗa'ar aiki, tambaya 60, ana yin ta a Maris da Agusta da Nuwamba, New York na neman maki 85 (ba tambaya ɗaya maki ɗaya ake lissafawa ba). Sai awa 50 na aikin lauya kyauta ga marasa hali ƙarƙashin kulawar lauyan da zai sa maka hannu, kuma ana iya yin sa a wajen Amurka. Akwai kuma shaidar ƙwarewa a aikace, wadda shekara guda ta cikakken aikin lauya a ƙasarka kan iya biya.

Daga nan sai binciken hali. Za ka bayyana inda ka yi aiki, bashin da ake bin ka, da duk wata shari'a ko horo da ka taɓa fuskanta. Ɓoye ƙaramin abu ya fi abin kansa illa idan aka gano. Sashen ɗaukaka ƙara na jihar mai rassa huɗu ne ke wannan aiki, kuma wanda ba ya zaune a jihar reshe na uku a Albany ake tura shi. Shekara uku gare ka daga ranar jarrabawa ka shigar da wannan buƙata, in ka wuce sai ka sake zama.

Bayan rantsuwa za ka riƙa sabunta rajista duk shekara biyu kan dala 375. Lasisin dai na kotu ne. Izinin zama da yin aiki a Amurka yana hannun hukumar shige da fice, kuma nemansa daban ake yi.