Kalmar aurez da ta kwantar da ni a ƙasa kwana 11

Juma'ar da ta wuce, bayan an idar da salla, wani yaro ɗan Zariya da bai cika wata biyu da sauka a birnin Liyon na Faransa ba ya miƙo min wayarsa. "Yaya, don Allah duba min saƙon nan. Mako guda ke nan ina jiran dillalan gidan su kira ni, shiru." Ina karantawa dariya ta zo min, haushi ya biyo baya. Jimlar da ta kayar da ni ce shekara 9 da suka wuce, kusan kalma da kalma. Shi ne na uku da na gani ya faɗa ramin nan bana, don haka na ce bari in rubuta kowa ya huta.

Layin waya, katin shiga bas da jirgin ƙasa na cikin gari, mahautan halal, shagunan unguwar Guillotière inda za ka samu kuɓewa da manja: duk wannan cikin mako guda 'yan'uwa za su nuna maka. A nan kam jama'armu ba ta da ta biyu, ban taɓa ganin Bahaushe ya sauka garin nan ya kwana a tasha ba. Bizarka ta dogon zama kuwa, ka tabbatar da ita ta intanet cikin wata 3 da shigowarka, zaman rabin awa ne. Abin da ba wanda zai iya yi maka kullum shi ne karanta wasiƙunka, kuma Faransa ƙasa ce da komai sai da wasiƙa.

Ga abin da ya same ni. Na samu ɗaki ciki ɗaya a Villeurbanne da ke maƙwabtaka da Liyon ta hannun wani ofishin dillalai, na sa hannu a takardar haya, na biya kuɗin ajiya. Washegari suka turo min wannan: "Nous vous remettrons les clés dès que vous aurez fourni l'attestation d'assurance habitation." Lokacin Faransancina na wata huɗu ne. Na san clés makullai ne, na san vous aurez na nufin "za ka samu", na san attestation takardar shaida ce. Sai na haɗa lissafina: za su ba ni makullai, kuma zan samu wata takarda. Kalmar fourni da ke tsakiya na tsallake ta kamar kwata. Na naɗe hannu ina jira.

Kwana 11 ina kwana a kan dardumar wani abokina ɗan Damagaram, jakata a bayan ƙofa, kuɗin hayar ɗakin da ban taɓa kwana a ciki ba yana ta tafiya tun ranar da aka rubuta a takarda. Ni ina jiransu, su suna jirana. Har na fara faɗa wa mutane wai Turawan nan sun cinye min kuɗi. Wani dattijo ɗan Maraɗi da duk muke kira Kawu, wanda ya yi lakwal, wato makarantar boko ta Faransanci, tun zamanin da ake dukan yaro a kan harafi ɗaya, shi ya karɓi wayar ya sa tabarau. Ya karanta sau ɗaya ya dube ni. "Ɗana, ai kai ake jira. Cewa suka yi da zarar ka kawo takardar inshorar gida za su ba ka makulli." Inshorar nan doka ce a kan duk ɗan haya, kuma ranar na yi ta cikin minti 20.

Sunan wannan lokaci a nahawunsu futur antérieur. Aikinsa guda ne: ya nuna abin da zai riga ya kammala kafin wani abu ya faru nan gaba. A wasiƙar ofis, shi ke gaya maka wa zai fara motsawa. Duk aikatau ɗin da ka gani a wannan siga bayan vous, aikinka ne, kuma sai ka gama shi na su zai biyo.

Ginin ba shi da wuya. Kalma biyu ce. Ta farko avoir ce a lokaci mai zuwa: j'aurai, tu auras, il aura, nous aurons, vous aurez, ils auront. Ta biyu ita ce sigar aikatau ɗin da ka riga ka sani daga passé composé, wato lokacin abin da ya wuce: payé, fini, reçu, fourni, rendu. Ka ɗauki payer, biya: j'aurai payé, tu auras payé, il aura payé, nous aurons payé, vous aurez payé, ils auront payé. Idan ka iya cewa j'ai payé, canza ai ɗin kawai za ka yi ya koma aurai. Aikatau 'yan kaɗan, yawancinsu na zuwa da tafiya irin su aller, venir, arriver, partir, entrer, sortir, rester, da duk masu se a gabansu, être suke ɗauka: je serai, tu seras, il sera, nous serons, vous serez, ils seront. Su kuma ƙarshensu yana bin mai aikin: il sera parti, elle sera partie, ils seront partis. Ke 'yar'uwa, in za ki rubuta wa ofis, je serai arrivée za ki sa da e biyu.

Inda harshenmu ke ja mana ƙafa shi ne nan. Bahaushe cewa yake "idan ka gama ka kira ni", ko "kafin Juma'a na biya". Da sigar abin da ya wuce muke faɗin abin da bai zo ba, kuma kowa ya gane. Shi ya sa bakinmu ke saurin cewa quand tu as fini, alhali Bafaranshe quand tu auras fini yake so in maganar gaba ake. Sannan "idan" ɗinmu guda ɗaya aiki biyu take yi, su kuwa sun raba. In akwai shakka ko abin zai faru, si ce, kuma ba a taɓa sa mata lokaci mai zuwa: si tu as fini. In tabbas zai faru, lokacinsa kawai ake jira, to quand ce ko lorsque, dès que, aussitôt que, une fois que. Waɗannan biyar ɗin ka haddace su kamar lambar wayarka. Da ka ga ɗaya a wasiƙa, ka nemi aurez ko serez a bayanta, ka ja layi a ƙarƙashin kalmar da ke biye. Wannan kalmar ita ce aikenka.

Akwai kuma harafin s guda da ya taɓa jawo wa wani ɗan'uwanmu wasiƙar gargaɗi. Ya so ya ce wa mai gidansa kafin 5 ga wata zai biya, wato j'aurai payé avant le 5. Sai ya rubuta j'aurais payé, wanda ke nufin "da na biya", irin maganar wanda bai biya ba yana neman uzuri. A baki kusan ɗaya suke, a takarda kuwa sama da ƙasa ne.

Ranar barin gida jimlar kan dawo, kuma a nan har 'yan Nijar ɗinmu da suka sha Faransanci tun firamare suna zamewa, ba don nahawu ba, don gaggawa. Za a rubuto maka: "Le dépôt de garantie vous sera restitué une fois que vous aurez rendu les clés." Za a mayar maka da kuɗin ajiyarka bayan ka mayar da makullai. Kuɗin nan hayar wata 1 ne a gidan da babu kaya, har wata 2 a mai kaya. Doka ta ba mai gida wata 1 ya mayar in an duba ɗakin an same shi yadda ka karɓa, wata 2 in akwai abin da ya lalace, kuma in ya makara akwai tarar kashi 10 cikin 100 na hayar wata a kan kowane watan da ya shiga. Amma ƙirgen ba ya farawa sai ranar da ka miƙa makullin hannu da hannu ko ka aika ta wasiƙa mai rajista. Ni da wayona na jefa nawa a akwatin wasiƙun ofishin da daddare don ina sauri, ba rasit ba shaida. Wata huɗu ina bin Yuro 520, kullum amsar ɗaya ce, wai ba su san ranar da makullin ya shigo ba. Ka miƙa da rana, a rubuta kwanan wata, a sa hannu, ka bar musu sabon adireshinka.

Wani lokaci za ka ji ma'aikaciya ta ce "il aura oublié" game da abokin aikinta. Ba maganar gaba take ba, cewa take wataƙila ya manta. Kada wannan ya ruɗa ka, a magana ya fi fitowa.

Abin da ke ba ni haushi da wasu sababbin zuwa shi ne suna da lokacin ɗaukar hoto a bakin kogin Rhône a tura gida, amma darasin Faransanci na kyauta da OFII, hukumar kula da baƙi ta Faransa, ke bayarwa sai ka ce an aike su gidan makoki. To ku sani, dokar Janairun 2024 ta ƙara tsauri. Daga 1 ga Janairun 2026, yawancin waɗanda suka sa hannu a yarjejeniyar OFII sai sun kai matakin A2 a jarrabawar Faransanci kafin su samu katin zama na shekaru, B1 kafin katin shekara 10, B2 kafin takardar zama ɗan ƙasa. Kawu ba zai shiga ɗakin jarrabawa da kai ba.

Yaron Zariya kuwa, a nan ƙofar masallaci na sa shi ya karanta saƙon da ƙarfi, ya nemo dès que, ya nemo aurez. Kalmar da ke biye ita ce transmis, wato ya aika musu da takardun wanda zai tsaya masa. Ya ce ai tun ranar farko suna cikin wayarsa. Ya tura su muna tsaye, ranar Talata ya karɓi makulli.