Darasi na 9: Karenka, Alhakinka

A garuruwanmu ana ajiye kare don gadi, ko farauta, ko tsaron garke. Amma duk wanda ya ajiye shi ya ɗauki nauyi. Idan karenka ya ciji ɗan maƙwabci, ba karen za a kira gaban mai unguwa ba, kai za a kira.

Dokar Final Kod ta Arewacin Najeriya ta ce laifi ne mutum ya yi sakaci da dabbarsa har ta zama haɗari ga rayuwar jama'a. Ko an yi sulhu a gida, mai kare ake sa ran ya biya kuɗin magani. Don haka ka ɗaure shi da sarƙa da rana, a inuwa, da ruwa kusa. In mafaɗaci ne, kada ya fita ba takunkumi. Ka kuma ciyar da shi, domin yunwa ce ke kai kare bola da gidajen mutane.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ciwon haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, akasarinsu a Afirka da Asiya, kuma yara ne da yawa daga ciki. Da zarar alamunsa sun bayyana a jikin mutum, kamar tsoron ruwa da dalalar da yawu, da wuya a tsira. Alhali allura ɗaya a shekara tana kare karenka. A kai ɗan kwikwiyo asibitin dabbobi tun yana wata 3, a karɓi katin rigakafi a adana. Cibiyar binciken dabbobi ta Vom, kusa da Jos, tana haɗa wannan allura a nan gida.

In an yi cizo fa? Nan take a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu har minti 15. Ku duba agogo, minti 15 ya fi tsawo fiye da yadda ake zato. Kada a ƙona gashin karen a shafa, kada a sa toka ko barkono. A tafi asibiti a ranar, ko da ƙarzane ne kawai, a kuma cika allurai duka. Shi kuwa karen, a killace shi kwana 10 malamin dabbobi yana dubawa. Mai kare, fito da katinka, kada ka ɓoye dabbar don gudun magana.

Aikin aji
1. Rubuta waɗannan kalmomi: sarƙa, takunkumi, rigakafi, sakaci.
2. Minti nawa ake wanke cizon kare?
3. Ina asibitin dabbobi mafi kusa da ku? Tambayo, ka kawo amsa mako mai zuwa.