Yadda ake lissafin nisan tafiyar jirgin sama daga Kano zuwa Jidda

Kafin mutum ya sayi tikiti, yana da kyau ya san nisan da zai yi da awannin da zai shafe a sama, domin lokutan da ake rubutawa a jikin tikiti sukan rikita har wanda ya saba tafiya.

A fara da lambobin filayen jirgi maimakon sunayen birane. Filin jirgin Malam Aminu Kano lambarsa KAN, na Sarki Abdul'aziz da ke Jidda kuma JED. Idan aka sanya su a ɗaya daga shafukan intanet masu auna nisa, za a samu kimanin kilomita 3,400. A lura da ma'aunin da shafin ya yi amfani da shi, domin mil na ƙasa kilomita 1.609 ne, mil na teku da matuƙa jirgi suke aiki da shi kuwa kilomita 1.852 ne. Wannan adadi na kilomita 3,400 shi ne gajeriyar hanya a kan doron duniya mai siffar ƙwallo, kamar a miƙa zare tsakanin biranen biyu, shi ya sa auna shimfiɗaɗɗiyar taswira da rula yakan yaudari mutum.

Daga nan sai a raba nisan da gudun jirgin fasinja, wanda yakan kai kimanin kilomita 850 a awa ɗaya. Hakan ya ba da awa huɗu, a ƙara rabin awa saboda tashi da sauka.

Inda aka fi yin kuskure shi ne bambancin agogo. Saudiyya tana gaban Najeriya da awa biyu, kuma tikiti yana rubuta kowane lokaci ne bisa agogon garin da ake magana a kansa. Jirgin da ya tashi daga Kano ƙarfe 10 na dare zai sauka Jidda wajen ƙarfe 4:30 na asuba agogon can, sai mai karantawa ya ɗauka awa shida da rabi zai yi, alhali huɗu da rabi ne. A dawowa kuma sai tafiyar ta yi kamar awa biyu da rabi kacal. Ina ganin maniyyaci musamman bai kamata ya yi sakaci da wannan ba, tunda da shi zai kintaci lokutan sallarsa a hanya.

Idan jirgin zai yada zango a Alƙahira, sai a haɗa zangunan biyu, wato kimanin kilomita 3,100 da kuma 1,200, sannan a ɗora awannin jira, waɗanda wani lokaci sukan fi tafiyar kanta tsawo. Haka kuma jirgi ba kullum yake bin gajeriyar hanya ba. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023 aka rufe sararin samaniyar ƙasar, dole jiragen alhazan Najeriya suka riƙa kewayawa, tafiyar ta ƙara tsawo. Saboda haka, idan lissafinka ya saɓa da na tikiti da fiye da awa ɗaya, ka tambayi kamfanin ta wace hanya jirgin zai bi.