Yadda Ake Gano Dalilin Kukan Taimin Bel Bayan An Sa Sabo A Golf 2

Idan Golf 2 mai injin fetur 1.6 ko 1.8 ta fara wani siririn kuka bayan an sauya mata taimin bel (bel mai haƙora da ke daidaita lokacin buɗewa da rufewar bawul-bawul na injin), kuma kukan yana ƙaruwa duk lokacin da aka taka totur, abin da ya kamata a fara zargi shi ne an ɗaure bel ɗin fiye da kima.

Da farko, don a gane inda kukan yake fitowa, a cire fanbel, a tayar da injin na ɗan lokaci kaɗan kawai, domin fanbel ɗin ne ke juya famfon ruwan da ke sanyaya injin. Idan kukan ya ɗauke, matsalar tana wajen fanbel ɗin, altaneta (na'urar da ke caja batir) ko famfon. Idan bai ɗauke ba, a kashe injin, a buɗe murfin sama na taimin bel, a kama taimin bel ɗin da yatsu biyu a tsakiyar doguwar tazararsa, a murɗa shi. Ya kamata ya juya digiri 90 da ƙyar. Idan ya ƙi, a sassauta tenshina (ƙaramar tayar da ke ɗame bel ɗin), a sake ɗaure notinta.

A juya tenshinar da hannu, domin boris ɗinta (ƙwallayen ƙarfen da take juyawa a kansu) yakan yi gurnani idan ya tsufa, kuma kuskure ne babba a bar tsohuwar tenshina a kan sabon bel. A duba ko gefen bel ɗin yana gogar murfi. Kafin a tayar, a juya injin da hannu zagaye biyu, a tabbatar alamomin taimin (alamomin da aka zana a injin don saita bel ɗin) sun daidaita.