Yadda ake kare tsoho mai jinya daga gyambon kwanciya

Lokacin da hawan jini ya kayar da Hajiyarmu ɓarin jikinta ya shanye, hankalinmu gaba ɗaya yana kan magani da gashin ƙashi, ba mu ankara ba sai ga wani duhu a ƙasan bayanta wajen ƙashin gindi, kafin sati ya zagayo ya buɗe. Wallahi jinyar wannan gyambon ta fi komai ba mu wahala, shi ya sa nake roƙon duk mai jinya a gida ya kula tun wuri.

Maganin farko juyi ne. Duk awa 2 a juya ta, dama, rigingine, hagu, har da dare. Nauyin jiki ne ke danne fata a kan ƙashi, jini ya daina zuwa wajen, naman ya fara mutuwa tun daga ciki. Mu dai alam muka saita a waya muka raba dare tsakanina da ƙanwata, don mutum ɗaya ba zai iya ba, ranar uku zai faɗi shi ma. Wajen juyin ki shimfiɗa zani a ƙarƙashinta ku kama gefe-gefe ku ɗaga, kar a ja ta a kan katifa fata na saɓulewa, kuma don Allah kar a ja hannun da ya shanye, kafaɗar na iya gocewa. Filo ɗaya tsakanin gwiwoyi, wani a ƙarƙashin ƙwauri yadda diddige zai zama a sama bai taɓa komai ba.

Kullum wajen wanka ki duba ƙugu, ɗuwawu, diddige, gwiwar hannu da ƙeya. A fatarmu ba lallai ki ga ja ba, wajen zai yi duhu ne ko sheƙi, ko ki ji ya fi sauran jiki zafi ko tauri. In kin gani kar ki murza, kar ki gasa da ruwan zafi, ki ɗauke nauyi daga kansa kawai. In ya buɗe ko yana ruwa ko wari, ko zazzaɓi ya shigo, a kai asibiti, ba a barbaɗa masa garin kafso.

Sai jiƙa. Fitsari da zufa ne ke ruɓar da fata musamman lokacin bazara ga ba wuta, a canja famfas da zarar ya jiƙe, a goge a busar a shafa man kaɗanya ko basilin kaɗan. Ledar katifa kuma a rufe ta da zanin auduga, a miƙar da shi kar ya tattare.

Abinci ma kar a tsaya kan kunu da shayi, a haɗa da ƙwai, wake, kifi, nono. Ki zaunar da ita sosai kafin ki ba ta saboda ƙwarewa, ki bar ta a zaune kamar minti 30 kafin ta koma kwanciya.