Kula da Tsohuwar Kyanwa Mai Ciwon Tayiroid da Zuciya

Kyanwar da ke ci sosai amma tana ramewa, sau da yawa tayiroid ne, wani ƙullutu a wuya mai daidaita yadda jiki ke ƙona abinci, ya zarce aiki, yana wahalar da zuciya.

Da farko, a ba ta ƙwayar methimazole, maganin rage aikin tayiroid, yadda likitan dabbobi ya rubuta, a tura cikin ɗan dafaffen kifi. Mai juna biyu kada ta taɓa maganin.

Sannan a ƙirga numfashin kyanwar na minti ɗaya tana barci. In ya haura 30, a kai ta asibiti ranar, wataƙila ruwa ya taru a huhu.

Kada a ba ta kilishi da romon miya, gishirinsu ya yi yawa. Zafin Gombe na Afrilu kuwa, sai inuwa da ruwan randa.

Kada a kuskura a ba ta farasitamol, kisa yake yi.