Yadda Za Ka Bi Kadin Rubutunka Idan An Sauke Shi a Reddit da Makamantansa

Shafukan labaran jama'a irin su Reddit da Hacker News, da kuma Digg a zamanin tashensa, an gina su ne a kan alkawari guda: kowa ya kawo labarin da ya gani, masu karatu su jefa ƙuri'a, abin da ya samu karɓuwa ya hau sama ba tare da wani edita ya tsare ƙofa ba. Wannan alkawarin ne ke sa ran mutum ya ɓaci matuƙa idan ya wayi gari ya tarar abin da ya ɗora ya yi ɓatan dabo, kuma nan take ya yanke hukuncin cewa an toshe masa baki. Wani lokaci gaskiyarsa ce, amma sau da yawa lamarin bai kai nan ba. Abin da ke raba gardama shi ne gano hannun da ya sauke rubutun, domin hannaye huɗu ne ke iya yin hakan, kuma kowanne da ƙofar da ake ƙwanƙwasa masa.

Ka fara da tabbatarwa da idonka

A Reddit, rubutun da aka sauke yakan ci gaba da bayyana ga mai shi kamar babu abin da ya faru, don haka kada ka dogara da abin da kake gani a cikin asusunka. Kwafi adireshin rubutun, ka fita daga asusun ko ka buɗe taga ta sirri a manhajar shiga intanet, sannan ka duba shi kamar baƙo, ka kuma leƙa jerin sababbin rubuce-rubucen zauren da ka ɗora shi, wato sashen Reddit da aka keɓe wa batu guda, ka ga ko yana ciki. Idan sharhi ne, kalmar “removed” a gurbinsa tana nufin wani ne ya cire shi, “deleted” kuwa tana nufin mai shi ne ya goge da hannunsa. Daga nan ka buɗe shafin sunanka kana waje. Idan aka ce maka babu wannan asusun alhali kana iya shiga cikinsa, to an yi maka korar ɓoye ke nan, wato kana ta rubutu ba mai gani sai kai kaɗai. An ƙirƙiro wannan hukuncin ne domin masu watsa tallace-tallacen banza, kuma a watan Nuwamba na 2015 kamfanin ya shigo da dakatarwa ta fili wadda ake sanar da mutum, amma har yanzu na'urar tace talla takan hau kan sababbin asusu bisa kuskure.

Kafin ka yi wa kowa magana, ka tanadi hujja: hoton fuskar wayarka mai nuna rubutun da lokacinsa, kwafin abin da ka rubuta kalma da kalma, da kuma hoton dokokin zauren kamar yadda suke a ranar, domin ana iya sauya doka bayan rikici ya tashi. Ajiye shafin a Wayback Machine, rumbun da ke adana kwafin shafukan intanet, ya fi hoton waya ƙarfi, saboda ba kai ne ke riƙe da shi ba, ba kuma wanda zai ce ka yi masa kwaskwarima.

Wane hannu ne?

Na farko shi ne na'ura. Zaurukan Reddit da yawa suna amfani da AutoModerator, wanda ke sauke rubutu idan asusun sabo ne, ko makin da ƙuri'un masu karatu suka tara masa bai kai adadin da aka gindaya ba, ko kanun labarin na ɗauke da wata kalma da aka haramta, ko ya fito daga shafin da aka saka wa takunkumi. Alamarsa ita ce sauri: rubutun da ya ɓace cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu, ba mutum ne ya karanta shi ba. Wasu zaurukan kuma Turanci kaɗai suke karɓa, don haka wanda ya ɗora labari da Hausa ya fara duba wannan dokar kafin ya zargi kowa. Sai dai na'ura ba ta wanke masu ita, tunda mutane ne ke rubuta mata abin da za ta hana. A watan Afrilu na 2014 aka bankaɗo cewa zauren r/technology yana tace kanun labarai masu ɗauke da kalmomi irin su Snowden da NSA da Bitcoin da Tesla a asirce, kuma abin ya kai ga kamfanin ya cire zauren daga jerin waɗanda a lokacin ake saka kowane sabon mai asusu a cikinsu kai tsaye.

Na biyu shi ne 'yan'uwanka masu karatu. Idan ƙuri'un ƙi suka yi wa sharhi yawa, sai ya nutse ƙasa ya naɗe, amma yana nan. A Slashdot, wani shafin labaran fasaha, maki yana tafiya ne daga -1 zuwa +5, kowa kuma yana zaɓar matakin da yake son gani. A Hacker News, masu asusun da suka ɗan kwana biyu suna iya ɗaga wa labari tuta, kuma idan tutocin suka taru sai ya mutu, ko da yake wasu masu karatun suna iya tsaya masa ya dawo. Wannan hannun ba shi da ofishin kai ƙara, kuma yin ƙorafi a kan ƙuri'un ƙi yakan jawo wasu ne kawai.

Na uku, wanda mafi yawan rigima ke tashi a kansa, shi ne masu kula da zaure. 'Yan sa kai ne, ba albashi ake ba su ba, ba kuma ma'aikatan kamfanin ba ne, kuma an sakar musu mara ƙwarai wajen tsara dokokin zaurensu. Na huɗu shi ne kamfanin da kansa, ko dai saboda dokokinsa na gaba ɗaya, ko saboda takardar lauya da aka aiko masa. Shi yakan aiko da saƙo a akwatinka, yakan kuma rubuta sunansa a gurbin abin da ya cire.

Yadda ake rubuta wa masu kula da zaure

Ka bi ta akwatin saƙon da dukansu ke gani, wanda ake kira modmail, kada ka bi mutum ɗaya ta akwatinsa na kansa. Hikimar hakan biyu ce: da yawansu suna ɗaukar saƙon kai tsaye a matsayin tsangwama, sannan idan wanda ya sauke rubutun yana da wata ƙullalliya da kai, a akwatin gamayya ne kaɗai abokan aikinsa za su ga abin da ya yi. Ka tuna cewa mai karanta saƙonka wataƙila ya riga ya karanta zagi goma a ranar, saboda haka gajeren saƙo mai ladabi shi ne zai ja hankalinsa. Ga irin abin da ya wadatar, da harshen da zauren ke aiki da shi:

“Barka da aiki. Na ɗora wannan labarin jiya da misalin ƙarfe tara na dare, ga adireshinsa, kuma na lura ba ya fitowa a jerin sababbi. Na karanta dokokinku, ina zaton doka ta huɗu ce ta shafe shi, wadda ta hana sauya kanun labari, amma kanun da na saka shi ne na jaridar ba ƙari ba ragi. Idan wata dokar ce daban, ina roƙon a nuna mini domin in gyara.”

Saƙon bai zargi kowa ba, ya ambaci doka da lambarta, ya kuma bar wa mai amsawa hanyar janyewa ba tare da ya ji kunya ba, wanda a ganina shi ne rabin nasara, domin mutum ba ya son amsa kuskure a gaban wanda ya riga ya kira shi azzalumi. Bayan ka aika, ka ba su kwana biyu ko uku. Kada ka sake ɗora rubutun, kada ka tara abokai su yi wa zauren dirar mikiya da ƙuri'u, kuma kada ka buɗe sabon asusu domin komawa inda aka kore ka. Waɗannan biyun na ƙarshe sun saɓa dokar kamfanin ne ba ta zaure kawai ba, kuma da su ƙaramar rigima ke zama rufe asusu gaba ɗaya, a yi gudun gara a faɗa gidan zago. Idan ka cika su da saƙonni kuma, suna da ikon hana ka rubuto musu.

Idan maganar ta kai ga kamfani ko doka

Dakatarwar da kamfani ya yi tana da takardar ɗaukaka ƙara a shafinsa, kuma gurbin rubutun ƙarami ne, don haka ka tsaya a kan abin da ya faru da dokar da kake ganin ba ka karya ba. Akwai kuma ƙa'idojin ɗa'a na masu kula da zaure da Reddit ya fitar a 2022, waɗanda za ka iya kai ƙara a ƙarƙashinsu, amma kamfanin ba ya shiga don kawai an sauke rubutun da kake ganin ya dace. Yakan motsa ne idan ana karɓar kuɗi domin barin rubutu ko cire shi, ko ana amfani da zaure wajen farautar mutane.

Kada ka ɓata gurbin da maganar 'yancin faɗar albarkacin baki. Gyaran farko na kundin tsarin mulkin Amurka gwamnati ya ɗaure wa hannu, ba kamfani ba, sannan sashe na 230 na dokar sadarwa ta 1996 ya ba shafuka kariya idan suka cire abin da suke ganin bai dace ba. Takunkumi na hukuma wani abu ne daban, irin wanda aka gani a Najeriya lokacin da gwamnati ta dakatar da Twitter daga watan Yuni na 2021 zuwa Janairun 2022 bayan an goge wani saƙon Shugaba Buhari. Mazauna ƙasashen Tarayyar Turai su ne ke da madogara ta doka, domin dokarsu ta ayyukan intanet, wadda ta fara aiki gaba ɗaya a watan Fabrairu na 2024, ta wajabta wa shafuka bayyana dalilin cire abu, ta kuma ba mutum aƙalla wata shida ya shigar da ƙorafi. Idan kuwa da sunan haƙƙin mallaka aka sauke rubutunka a ƙarƙashin dokar Amurka ta DMCA ta 1998, kana iya aika takardar musantawa, a mayar da shi cikin kwanakin aiki 10 zuwa 14 muddin mai ƙorafin bai garzaya kotu ba. Amma ka yi tunani sosai, domin takardar rantsuwa ce, za ka saka cikakken sunanka da adireshinka waɗanda za a miƙa wa abokin rigimar, za ka kuma amince da hurumin kotun Amurka.

Lokacin da ya kamata a fito fili

Rubutu ɗaya da aka sauke ba ya tabbatar da danniya. Abin da ke tabbatar da ita shi ne maimaici: labarai biyar ko goma a kan batu guda duk an cire su, alhali irinsu masu goyon bayan ɗaya ɓangaren suna nan daram, ko kuma doka da ake aiki da ita ba a rubuta ta ko'ina ba. Idan ka tara wannan da adireshi da kwanan wata, ka bayyana shi a inda aka yarda a tattauna harkar gudanarwa, ka ɓoye sunayen ɗaiɗaikun mutane, ka bar hujjar ta yi magana. Zargi irin wannan yakan tabbata. A watan Yuni na 2016, ranar harin Orlando da aka kashe mutum 49, masu kula da r/news sun goge rubuce-rubuce masu yawa har da na inda ake ba da gudummawar jini. A watan Nuwamba na shekarar kuma shugaban kamfanin, Steve Huffman, ya amsa da bakinsa cewa ya shiga ya sauya kalmomin wasu sharhohin da ke zaginsa.

Boren jama'a kuwa ba kullum yake cin nasara ba. Ranar 1 ga Mayu 2007, Digg ya fara goge wata lamba mai haruffa da alƙaluma 32 da ke buɗe makullin faifan HD DVD saboda barazanar lauyoyi, sai masu amfani da shafin suka cika shafin farko da ita, ƙaiƙayi ya koma kan masheƙiya, kuma kafin gari ya waye Kevin Rose da ya kafa shafin ya miƙa wuya. A watan Yuli na 2015 masu kula da manyan zaurukan Reddit sun rufe su saboda sallamar Victoria Taylor, ma'aikaciyar da ke taimaka musu, aka yi wa shugabar kamfanin Ellen Pao ca har ta sauka ranar 10 ga watan, sai ga Alexis Ohanian, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Reddit, ya fito ya ce shawarar sauyin da ya kai ga sallamar tasa ce. Taron dubban mutane ma yana iya kama hannun da ba shi ba. A watan Yuni na 2023 dubban zauruka sun sake rufewa saboda kuɗin da aka ɗora wa masu ƙera manhajojin waje, amma a wannan karon kamfanin ya ƙi janyewa, ya yi barazanar tsige masu kula da zaurukan da suka ƙi buɗewa, Apollo kuma, ɗaya daga cikin manhajojin wajen, ta rufe ranar 30 ga watan.

Idan duk ƙofofin sun ƙi buɗuwa, kana da damar kafa zaurenka a kan batun, ko ka koma wani gidan kamar Lemmy, ko Lobsters wanda ke wallafa kundin duk wani mataki da masu kula da shi suka ɗauka kowa ya gani. Kafin ka tattara komatsanka, ka nemi kwafin bayanan asusunka daga kamfanin ta takardar da ya tanada domin hakan, ka jira ya iso hannunka tukuna, domin da zarar ka rufe asusun ba ka da sauran hanyar shiga saƙonnin da kuka yi musaya da masu kula da zauren.